Dabino a Hamada, Goro a Kurmi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin Suratur Ra'adi, aya ta 4, Allah Maɗaukakin Sarki ya jawo hankalin bayinsa ga gonaki maƙwabtan juna, waɗanda ruwa guda ke shayar da su, amma amfaninsu ya saɓa wajen ɗanɗano. To, in na kusa sun bambanta haka, ina ga ƙasashen da zafinsu da sanyinsu da damunarsu ba ɗaya ba?

Dabino yana bukatar rana mai ƙuna da busasshiyar iska, saiwarsa kuwa tana shan ruwa daga ƙasa. In ruwan sama ya same shi yana nuna, sai ya tsage ya ruɓe, shi ya sa ya zauna a Madina da Basra da dausayin Sahara. Zaitun ya fi son gefen Bahar Rum, watau su Falasɗinu da Tunisiya da Sifen, inda ruwa ke sauka da hunturu, lokacin zafi kuwa ƙasa ta bushe. Tuffa ba ta yin furen kirki sai ta zubar da ganye ta sha ɗari na ɗaruruwan sa'o'i. Goro kuwa ɗan kurmi ne, sai laima da inuwa. Tudu ma yana da nasa hukunci: Ɗa'ifa tana kimanin mil 60 daga Makka, amma da yake tana bisa duwatsu, wajen ƙafa 6,000, ta shahara da inabi da rumman.

Makka ita kanta kwari ce marar shuka. Da Annabi Ibrahim, tsira ya tabbata a gare shi, ya ajiye iyalinsa a can, ya roƙi Allah ya azurta su da 'ya'yan itatuwa, kamar yadda ya zo a Suratu Ibrahim, aya ta 37. An karɓi addu'ar, amma ba a mai da kwarin fadama ba. Aya ta 57 ta Suratul Ƙasasi ta nuna cewa kawo musu ake yi daga wasu wurare. Ashe dai bafatake yana cikin sababan da Ubangiji ya shirya domin arzikin wata ƙasa ya isa wata. Haka kakannin Hausawa suka riƙa kai kanwa da fatu Gwanja su komo da goro, ayarin raƙuma kuma ya kai gero Bilma ya ɗauko gishiri da dabino.

Lalle wannan matsayi amana ce mai nauyi, domin mai saye ba ya iya shuka abin da ƙasarsa ba ta karɓa, tilas ya dogara ga mai kawowa. Abin takaici, watan azumi na gabatowa sai wasu su kulle dabino a sito har ya yi tsada, talaka ya rasa na buɗa-baki, alhali kuwa Imamu Muslim ya ruwaito cewa mai ɓoye abinci domin ya yi tsada mai saɓo ne. Wasu kuma su jera manyan lemo a bakin kwando, ruɓaɓɓu na ƙasa. A ruwayar Muslim ɗin dai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kana ya barranta daga duk mai algus.