Laifin Garmani ko Laifinmu?

Duk wanda ya bi burtalin da ya ratsa Attantane da damina, ko ya gangara kwarin Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, zai ga fili kore shar, har ya ce dabbobin wannan ƙasa sun dace. Amma makiyayi ba ya ruɗuwa da wannan kore. Garmani ne, tsiro mai lallausan ganye da fure rawaya, wanda saniya kan sansana ta wuce. Inda ya kafu, ƙyasuwa da komayya da gamba sukan ja da baya, har ma ƙarangiya da kowa ke zagi ta zama abin nema.

Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi da ke nazarin noma da muhalli sukan fita irin waɗannan filaye domin aikin kammala digiri. Aikin ba shi da wani ado: a shimfiɗa ma'auni mai faɗin mita ɗaya a ƙasa, a ƙidaya abin da ya tsiro ciki, a matsa gaba a sake, tun hantsi har rana ta yi tsaka. Daga bisani ɗalibi ya rubuta cewa garmani tsiro ne mai mamaya. A kan wannan kalma nake son mu ɗan tsaya, domin mamaya kalmar yaƙi ce, kuma duk inda aka ambace ta an riga an nuna mai laifi, an kuma wanke sauran.

Kalmar tana da gurbinta. A bakin teku, a Kalaba ta kudancin Nijeriya, Turawa sun shigo da wani irin kwakwan ruwa mai suna nipa daga Singafo a 1906. Ƴaƴansa suna yawo a kan ruwa, suna tsira duk inda igiyar teku ta yar da su, har ya ƙwace wurare masu yawa daga itatuwan gaɓar da kifi ke hayayyafa a saiwoyinsu. Ɗalibin da ke auna taɓo a can yana iya faɗin shekarar da baƙon ya sauka da wanda ya kawo shi. Ko a can ɗin ma, nipa ya fi samun shiga inda aka sare itatuwan asali ko man fetur ya kashe su.

To, garmani fa? Likitan nan Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya tarar da sunan a bakin mutane. Kakanninmu sun san shi, suna ɓare bawonsa su tufka igiya. Ashe ya daɗe a gefen hanya ba ya damun kowa. Hasali ma, in zancen asali ake, dogon yaro ne baƙo, tunda daga ƙasar Indiya ya fito, amma da yake muna shan inuwarsa a kowace kasuwa, ba a taɓa kai ƙararsa ba.

Abin da ya sauya shi ne fili. Gonaki sun yi ta cin burtali taƙi bayan taƙi, makiyaya ta ƙuntata, garken da dā ke bazuwa a daji ya dawo yana tattake wuri guda. Dabba tana cinye ciyawa mai daɗi tun kafin ta zubar da iri, ta bar wanda ba ta so ya yi fure ya yi ƴaƴa, sannan ta kwashi irinsa a gashi da kofato ta kai gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa gayyar tuge garmani, ko da an biya mutane kuɗi an ƙone shi an watsa irin ciyawa, ba ta cika ɗorewa ba muddin burtalin yana nan a matse.

Nan ne nauyin ɗalibi yake, ko da yake shi ne ƙarami a cikin masu bincike. Lissafinsa na iya zama daidai, hukuncinsa ya zama zalunci. In ya ce tsiro ne ya mamaye, ya tsaya nan, mai karatu zai tambayi wanda ya yaɗa shi, amsa mafi sauƙi kuwa ita ce garken Bafillace ko na Buzu mai wucewa. Jihar Maraɗi ta san inda irin wannan zance ke kaiwa: a Toda, a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi na ratsawa da garkensa, sai dai doka ba ta auna faɗin burtali da kanta.

Ba cewa nake ɗalibi ya zama alƙali ba, balle lauyan wani ɓangare. Amma wanda ya iya ƙidaya tsiro a cikin mita ɗaya zai iya ɗaukar igiyar awo ya auna burtalin daga wannan gona zuwa waccan, ya zauna da dattawan Attantane, manomi da makiyayi, ya tambaye su inda iyakar take a zamanin ƙuruciyarsu. Wataƙila gonar da ta ci hanyar ta kawunsa ce, shi ne kuma ya biya masa kuɗin mota zuwa Maraɗi.