Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Karatu: Yohanna sura 9, Markus 10:46-52

Cikin sura ta tara ta Bisharar Yohanna akwai labarin wani mutum da aka haifa makaho. Kun san labarin. Amma ina roƙonku ku sake karanta shi a hankali, ku ƙirga mutane nawa suka yi magana a kan mutumin nan yana nan kusa yana jinsu. Almajirai suka fara, suna so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa ya jawo makantar. Ba su tambaye shi ba, ga shi kuwa kunnensa lafiya lau. Bayan idonsa ya buɗe maƙwabta suka shiga gardama, waɗansu suna cewa shi ne, waɗansu suna cewa kama ce kawai, har sai da ya sa baki ya shaida musu shi ne ɗin. Shugabannin Yahudawa suka ji daga bakinsa, ba su yarda ba, suka aika a kira iyayensa. Iyayen kuwa, don tsoron kada a fitar da su daga majami'a, suka ce ɗansu ya isa mutum, a je a ji ta bakinsa. Tsoro ne ya sa suka faɗi haka, amma maganar gaskiya ce.

Cikin ikilisiyoyinmu akwai mutane da ake yi wa haka har wa yau. Ba makafi nake nufi ba. Ina nufin yaron nan da ba ya iya doguwar gaisuwa, in an ce masa ina kwana sai ya shiga ba ka labarin injin mota. Ya haddace sunayen sarakunan Yahuza bi da bi, amma ba shi da aboki ko ɗaya a makarantar Lahadi. In an buga ganga sai ya toshe kunne. In an canja masa wurin zama sai hankalinsa ya tashi, kamar an rushe masa gida. In ka yi masa karin magana sai ya ɗauke ta yadda take, ka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya tsaya yana neman inda jinkar take. Sunayen da muke ba irin wannan yaro ba su da daɗi: mara tarbiyya, mai girman kai, wawa, mai iskoki. Yana girma ya zama magidanci, ko ta zama matar aure, sunayen suna bin su.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Za ku ji waɗansu gidajen rediyo suna cewa galahanga, ko da yake mutanenmu sukan haɗa lalurori daban daban ƙarƙashin wannan suna. Hali ne na yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun daga ciki, gado kuwa yana da babban rabo a cikinsa. Ba a kamuwa da shi ta wurin cuɗanya. Ba rashin ƙaunar uwa ke kawo shi ba, ko da yake an daɗe ana ɗora wa uwaye wannan laifi a Turai da Amurka. Ba allurar rigakafi ba ce kuma: takardar da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga a 1998 yana zargin rigakafi, an janye ta a 2010, shi ma aka hana shi aikin likita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro 1 cikin 100 yana da wannan hali. To, ikilisiyar da take da yara ɗari biyu a makarantar Lahadi, sai ta yi lissafi.

A 1943 wani likita a Baltimore ta Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 masu wannan hali. Shekara guda bayan haka, a 1944, wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Hans Asperger, ya rubuta labarin waɗansu yara maza 4 masu iya magana, masu zurfin sani a kan abin da suke so, amma zaman jama'a yana yi musu wuya. Rubutunsa ya daɗe ba a san shi ba a wajen ƙasashe masu jin Jamusanci, sai a 1981 wata likita a Ingila, Lorna Wing, wadda ita kanta tana da 'ya mai otizim, ta fito da shi fili ta yaɗa sunan lalurar Asperger. Likitocin Amurka suka shigar da sunan cikin littafinsu na gane cututtuka a 1994, suka kuma cire shi a 2013, gama sun ga abu ɗaya ne da otizim, sai dai yana fitowa a mutane da siffa iri iri. A 2018 kuma wani masanin tarihi, Herwig Czech, ya fito da takardun da suka nuna Asperger ya haɗa kai da mulkin Nazi, har ya tura yara zuwa wani asibiti a Biyana inda aka kashe yara kusan 800. Saboda haka da yawa sun yar da sunan. Waɗansu kuwa da aka gane halinsu da wannan suna tun dā suna riƙe da shi, gama ta wurinsa suka fara gane kansu. Ba ni ne zan zaɓa musu ba.

Ku lura, duk sunayen da na kira na likitoci ne da masana. Shekaru masu yawa haka abin ya kasance: masana suna rubutu, iyaye suna taro, masu halin suna zaune kamar makahon nan ana magana a kansu. Sa'an nan suka fara buɗe baki.

Wata mace Ba'amurkiya, Temple Grandin, an haife ta a 1947. Ta wuce shekara uku ba ta yi magana ba. Mahaifiyarta ta ƙi yarda a kai ta gidan da ake ajiye irin yaran nan, ta nema mata masu koya mata magana. Yarinyar ta girma ta zama shehiyar malama kan ilimin dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. A 1986 ta buga labarin rayuwarta, mutane suka yi mamaki ƙwarai, gama da yawa suna tsammani mai otizim ba shi da abin faɗa game da cikin zuciyarsa. Ta bayyana cewa ita da hotuna take tunani. Wannan baiwa ce ta sa ta gane abin da ya gagari ma'aikatan mayanka. Shanu sukan tsaya su ƙi shiga lungun da ake kora su, ma'aikata kuwa duka kawai suka sani. Ita sai ta shiga lungun da kanta, ta sunkuya daidai idon saniya, ta ga abin da ke tsorata su: inuwa a ƙasa, sarƙa tana lilo, walƙiyar ruwa, riga an rataye a kan shinge. Ta zana lungu mai lanƙwasa mai rufaffen bango, shanu suka riƙa bi a natse. Duk makiyayi zai gane wannan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, likita yana iya ganin yarinya tana kuka in an rungume ta, amma sai da yarinyar ta girma ta yi bayani aka ji cewa tana marmarin rungumar, jikinta ne ba ya iya ɗaukar taɓawar.

A 1992 Jim Sinclair da Donna Williams da Kathy Grant, dukansu masu otizim, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu. A 1993, a wani taro a Toronto ta Kanada, aka ji jawabin Sinclair ga iyaye. Ma'anarsa ita ce, otizim ba ɓawo ba ne da wani yaro dabam yake ɓoye a ciki, wanda za a fasa a fito da shi. Yana cikin yadda mutum yake gani da ji da tunani. Uwar da take kuka tana fatar a raba ɗanta da halin nan, abin da ɗan yake ji shi ne ana fatar a musanya shi da wani yaro. Magana ce mai nauyi, ba kuwa dukan iyaye suka ji daɗinta ba. Ni ma ba zan ce wa uwar da ta kwana bakwai ba barci kada ta yi kuka ba. Amma ya kamata ta san abin da kunnen ɗanta yake ji.

Mutanen nan da suka fara shirya taronsu na shekara shekara a 1996, sun yi wata dabara da ta ba ni sha'awa. Kowa yakan rataya alama a ƙirji. Kore, ma'anarta ina so a zo a yi mini magana. Rawaya, sai waɗanda na sani. Ja, a bar ni tukuna. Ba fushi, ba zargi. A 2006 kuma wani saurayi, Ari Ne'eman, tare da Scott Robertson suka kafa wata ƙungiya a Amurka bisa ƙa'ida ɗaya, wato kada a yanke wata shawara a kansu ba tare da su ba. Har cikin masu aikin bishara akwai su. Lamar Hardwick, wani fasto a Amurka, yana da shekara 36 aka gane yana da otizim, bayan ya daɗe yana kiwon ikilisiya yana jin ana cewa ba shi da sakin fuska.

Wani zai ce, "Malam, ai Yesu ya warkar da makahon. Me zai hana mu yi addu'a a warkar da waɗannan?" Tambaya ce mai kyau. Ku buɗe Markus sura 10. Bartimawus yana kira, taro suna tsawata masa ya yi shiru. Da aka kawo shi, kowa yana ganin makaho ne, duk da haka Ubangiji bai ɗora masa hannu nan da nan ba, sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. In shi wanda ya san zuciyar kowane mutum ya tsaya ya yi tambaya, mu su wane ne da za mu wuce ta? Da yawa cikin manya masu otizim, in an tambaye su, ba sa roƙon a sāke halittarsu. Sukan ce a rage ƙarar lasifika, a faɗa musu magana kai tsaye ba da habaici ba, a sanar da su tun da wuri in za a canja tsarin sujada. Waɗansu kuwa suna da wahala ta ainihi da suke neman taimako a kanta: farfaɗiya, rashin barci, fargaba mai tsanani. Waɗannan a yi addu'a, a kuma kai su asibiti. Babu ƙwayar magani da ke kawar da otizim kansa, duk wanda ya ce yana sayar da ita kuɗinku yake nema.

Zan faɗi wani abu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kewaye yaron da ƙara ke yi wa zafi kamar wuta, a danne shi, a yi ta ihu a kunnensa da sunan korar aljanu, wannan azaba ce. Kukan da yake yi a lokacin ba aljani ba ne yake fita. Tambayar almajirai ce muka sake yi, ta neman wanda ya yi zunubi, bayan Ubangiji ya riga ya amsa ta.

Akwai wani abu a al'adarmu da yake ɓoye halin nan. A Turai, yaron da ba ya duban idon mutane nan da nan akan lura da shi. A wurinmu kuwa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, har yabonsa akan yi. 'Ya mace ma in ta yi shiru ta keɓe kanta, sai a ce kunya ce. Da haka 'yan mata da yawa suke wucewa ba a gane su ba. Ko a ƙasashen da likitoci suka yi yawa, an fi gane maza. Inda asirin yake tonuwa a wurinmu shi ne gaisuwa, da zaman makoki, da biki. Waɗansu sukan koyi duk wannan kamar hadda, su yi ta kwaikwayon mutane tun safe har dare, su koma gida a gajiye liƙis. In irin wannan 'yar'uwa ta ce wa shugabar zumuntar mata ba za ta iya zuwa taron kwana uku ba, amma za ta riƙe littafin kuɗi ba kuskuren kobo ɗaya, wannan ba taurin kai ba ne. Ta san inda ɗakinta yake yoyo. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin jiki ba iri ɗaya ba ne, waɗanda ake gani kamar raunana kuwa ba a iya yi sai da su.

Kada kuma mu ɗauka kowane mai otizim Temple Grandin ne. Akwai waɗanda ba za su yi magana da baki ba har ƙarshen ransu, suna bukatar mai kula da su kullum. Darajarsu ba ta dogara ga wata baiwa da za su nuna mana ba. Su ma ana iya tambayarsu: waɗansu suna rubutu, waɗansu suna nuna hoto, wani kuwa janye hannunsa da ya yi ita ce amsarsa. Mai tambaya sai ya koyi jira, gama amsar takan yi jinkiri.

Ku kuma masu wannan hali da kuke karanta takardar nan, na san faɗar bukata gaban dattawa ba abu mai sauƙi ba ne a wurinmu, ana iya ce muku marasa kunya. In baki ya yi nauyi, ku rubuta a takarda ku ba fasto, ko ku tafi da wani da kuka amince da shi. Ku faɗi abu ɗaya a fili: wurin zama kusa da ƙofa, ko izinin fita in ganga ta yi yawa. Ba kowa ne zai karɓa ba. Mutumin sura ta tara ya faɗi abin da ya sani game da kansa sau da sau, shugabanni suka zage shi, suka ce cikin zunubi aka haife shi, suka kore shi waje. Da Yesu ya ji an kore shi, ya neme shi har ya same shi, ya yi masa tambaya shi da kansa, ko yana ba da gaskiya. Mutumin bai yi saurin cewa i ba. Sai da ya nemi a bayyana masa ko wane ne, Ubangiji kuwa ya bayyana masa.