Ko Akwai Makaɗin Jitar da Ya Dace da Kowane Kunne?

Daga cikin muhawarorin da masu sha'awar kiɗa ba sa gajiya da su akwai tambayar ko an taɓa samun makaɗin jita wanda kiɗansa ke shiga kowane kunne, ta yadda mai son jaz da mai son rok da mai son kiɗan gargajiya za su haɗu a kansa ba tare da gardama ba. A zahiri magana ce ta jera sunaye, amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar matsalar da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato ko kyau sifa ce da ke cikin abin da ake saurare, ko kuwa hukunci ne da mai sauraro ke yankewa gwargwadon abin da ya tashi yana ji. Jita ta dace da wannan bincike fiye da sauran kayan kiɗa, domin da wuya a sami nahiyar da ba ta shiga ba, kuma duk inda ta je mutanen wurin sun juya ta zuwa irin nasu salon.

Immanuel Kant, masanin falsafa na ƙasar Jamus, ya rarrabe a littafinsa na 1790 tsakanin abin da ke da daɗi da abin da ke da kyau. A ganinsa, wanda ya ce wani abu ya yi masa daɗi yana ba da labarin kansa ne kawai, ba kuma ya jiran kowa ya yarda da shi; amma wanda ya ce abu yana da kyau yana magana ne kamar da yawun kowa, yana neman amincewar sauran mutane ko da ba shi da hujjar da zai tilasta musu da ita. Wannan ne ya sa gardamar makaɗa ke ɗaukar zafi, domin mai kare gwaninsa ba ya tsayawa a kan cewa yana son sa, sai ya ce wanda bai so shi ba bai iya saurare ba. Kafin Kant, David Hume na ƙasar Sukotlan ya rubuta maƙala a 1757 inda ya nemi ma'aunin da za a raba irin wannan gardama da shi, ya kuma same shi a wurin haɗuwar ra'ayin alƙalai nagari, waɗanda suka haɗa kaifin ji, da yawan saurare, da kwatanta ayyuka iri-iri, da kuɓuta daga son zuciya, da hankali mai kyau. Sai dai Hume da kansa ya yarda cewa akwai saɓanin da ba ya warwaruwa, wanda ke zuwa daga bambancin shekaru da ɗabi'a, da kuma bambancin al'adun ƙasashe da zamunna. Gardamar makaɗan jita ta fi faɗawa cikin wannan kashi na biyu.

Binciken kimiyya ya taɓa wannan batu ta fuskoki biyu masu karo da juna. A 2009 Thomas Fritz da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutanen Mafa na tsaunukan Mandara a arewacin Kamaru, waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba, kuma an ga suna iya gane farin ciki da baƙin ciki da tsoro a cikin kiɗan fiye da abin da canke zai bayar. A 2016 kuma Josh McDermott da abokan aikinsa sun gwada mutanen Tsimane na dajin Amazon a Boliviya, inda aka ga cewa sautukan da kunnen Bature ke ɗauka masu jituwa, da waɗanda yake ɗauka masu karo, duk daidai suke a wurinsu wajen daɗi. Abin da za a iya fitarwa daga binciken biyu shi ne cewa gane manufar kiɗa abu ne da 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsa zuwa wani haddi, amma son sa ya dogara ga sabo. Mutum na iya gane cewa makaɗi kuka yake yi da tsirkiya, amma kukan bai taɓa zuciyarsa ba.

Sunan da aka fi ambata a wannan muhawara shi ne Jimi Hendrix, wanda ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, kuma mujallar Rolling Stone ta Amurka ta sa shi a kan gaba a jerin gwanayen jita da ta fitar a 2003 da 2011 da 2023. Babu mai musun cewa ya sauya yadda ake fahimtar jitar lantarki, domin ƙara da kuwwar da lasifika ke yi, waɗanda a da ake ɗauka aibi, shi ya mai da su kayan aiki. Amma wannan sifa da ta ɗaukaka shi ita ce kuma ke korar masu sauraro da dama, musamman waɗanda suka tashi da kiɗa mai sanyi, don abin da ke zuwa kunnensu hayaniya ce tsagwaronta. Haka nan jerin da ke ɗora shi a sama akasarin sunayen da ke cikinsa na Amurkawa ne da mutanen Birtaniya, wanda ke nuna cewa alƙalan sun fito daga gida ɗaya. Franco Luambo na Kwango, wanda ya jagoranci ƙungiyar OK Jazz da aka kafa a 1956, ya mamaye gidajen rawa da tashoshin rediyo daga Kinshasa har Nairobi, kuma da ya rasu a 1989 an yi zaman makoki na ƙasa na kwana 4, amma talakan Amurka da wuya ya taɓa jin sunansa. Idan yawan masoya ne ma'auni, to sai a fara tambayar su waye aka ƙirga.

Ciniki ma ba hujja ba ce mai ƙarfi. Carlos Santana, haifaffen Meziko, ya lashe kyautar Grammy guda 8 a dare ɗaya a shekarar 2000 da kundinsa Supernatural, amma kundin ya dogara ne ga mawaƙan zamani da aka gayyato, kuma kamfani mai dogon hannu ne ya yaɗa shi. Pierre Bourdieu na Faransa ya nuna a littafinsa na 1979 cewa abin da mutum ke so yana bin sawun matsayinsa da iliminsa da gidan da ya fito, kuma ana iya ƙarawa da cewa yana bin sawun abin da kasuwa ta kawo masa ƙofar gida.

Akwai kuma bambanci tsakanin jinjinawa da ƙauna, wanda masu wannan gardama kan manta da shi. Django Reinhardt ya ƙone a hannun hagu a 1928, ya kuma ci gaba da fitar da kiɗa mai gudu da yatsu biyu, Paco de Lucía na Sifaniya ya fito da kiɗan filamenko daga da'irarsa ya haɗa shi da jaz, Andrés Segovia ya shigar da jita manyan zaurukan da a da ba a ba ta kujera. Duk wanda ya ga aikin yatsunsu zai sara musu, kamar yadda ake sara wa ɗan kokawar da ya kayar da wanda ya fi shi ƙarfi ko da ba garinku ɗaya ba. Sai dai jinjina hukunci ce ta ido da hankali, ba ta kai mutum ga sake kunna faifan idan ya kaɗaita.

Jitar kanta ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. Ƙarafan da aka gitta a wuyanta sun raba tsanin sauti, wato tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama, gida 12 daidai-wa-daida bisa tsarin Turai, alhali salon Larabawa irin su Rast da Bayati suna buƙatar amon da ke faɗawa tsakanin waɗannan gidaje, abin da garayar Larabawa ta udu ke fitarwa cikin sauƙi saboda wuyanta sumul yake. Makaɗin da ke son kusantar muryar mutum dole ya ja tsirkiya gefe da yatsa don ya tanƙwara amon. Abin lura shi ne cewa makaɗan da suka fi ƙetare iyakoki galibinsu masu wannan tanƙwarawa ne, kuma masu amfani da tsani mai amo 5, wanda kiɗan bulus na Baƙaƙen Amurka ya yi tarayya a cikinsa da kiɗan Sahel da Sudan da Habasha da Sin.

B.B. King shi ne misali mafi bayyana. Ba ya yawan gudu, kuma ya shahara da cewa ba ya haɗa waƙa da kiɗa a lokaci guda: yakan rera ɗango, sannan jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa masa. Wannan tsari na jagora da ɗan amshi ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da makaɗan ƙasar Hausa, inda ake sa ran kalangu ko goge su yi magana, kuma inda kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya ya wadatar saboda kalmomi ne ke gaba. Ga irin wannan mai sauraro, tsayawa minti goma ana kallon mutum yana wasa da tsirkiya ba tare da waƙa ba al'ada ce ta wasu, ba ƙa'idar duniya ba. King ya yi wasa a Kinshasa a 1974, ya kuma zagaya Tarayyar Sobiyet a 1979, a gaban jama'ar da yawancinsu ba sa jin Turanci.

Lamarin Ali Farka Touré na Mali ya fi kowanne koyarwa, domin yana nuna cewa mutane na iya haɗuwa a kan makaɗi ɗaya alhali dalilansu sun sha bamban. An haife shi a 1939, ya fara da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya kafin ya koma jita, kuma salon waɗannan kayan ne ya ɗora mata. Da faya-fayansa suka isa Turai da Amurka, masu sauraro suka ji bulus a cikinsu, suka kwatanta shi da John Lee Hooker, har kundin Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994 ya sami kyautar Grammy. Mutanen garinsu Niafunké kuwa, waɗanda suka zaɓe shi magajin gari a 2004, abin da suke ji shi ne kiɗan Songhai da na Fulani da na Buzaye, da kalmomin da ke magana a kan noma da aiki da kogi da iskokinsa. Shi kansa ya dage cewa asalin kiɗan na Afirka ne, Amurka reshe ce. Ke nan Ba'amurke yana son sa ne don ya ji gidansu daga nesa, Basonge kuma yana son sa don ya ji gidansu daga kusa, kuma babu wata sifa guda da za a nuna a ce ita ce dukansu suka gani. Wannan ya raunana zaton cewa karɓuwa a wurare da yawa shaida ce ta wani kyau ɗaya tilo da kowa ke tsinkaya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kiɗan yana da ƙofofi da yawa, kowa ya shiga ta tasa.

Addini ma yana da ta cewa, domin kunne ba ya saurare shi kaɗai. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya halatta sauraren murya mai daɗi a babin da ya ware wa wannan batu a cikin littafinsa Ihya, amma ya keɓe kayan tsirkiya da wasu kayan busa, yana mai bayanin cewa ba daɗinsu ne dalili ba, alaƙarsu ce da majalisun mashaya. Ibn Hazm na Andalus kuwa bai ga ingantaccen hani a kansu ba. Saɓanin malamai yana nan har yau, kuma ma'anarsa ga wannan tambaya ita ce akwai mutane masu yawa da ba za su saurari kowane makaɗin jita ba, ba don kunnensu ya gaza ba, sai don abin da suka yi imani da shi. Duk iƙirarin da ya ce "kowa" ya riga ya fitar da su daga lissafi ba tare da ya faɗa ba.

Ma'aunin da ya rage, wanda ya fi jerin mujallu da alƙaluman ciniki ƙarfi, shi ne aro, wato makaɗan wata al'ada su ɗauki wani abu daga baƙo bisa raɗin kansu, su narkar da shi cikin nasu. Bombino na Agadas ya koyi abubuwa daga bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler lokacin da yake gudun hijira, amma abin da ya fito daga hannunsa kiɗan Buzaye ne, kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy. Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 cikin salon da ya yi kama da na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin kuma suka yaɗu ta wayoyin hannu kafin wani kamfanin waje ya san da shi. 'Yan jaridar Turai suna laƙaba masa sunan Hendrix saboda shi ma bahago ne mai ƙara, alhali wanda ya ambata a matsayin madubinsa shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗan ƙasarsu.

Bisa wannan ma'auni Hendrix ya yi nisa ƙwarai, amma nisansa tsakanin makaɗa ne 'yan'uwansa. Idan kuwa ana maganar mai sauraro na gama-gari, wanda bai taɓa riƙe jita ba kuma bai damu da sunayen salo ba, B.B. King da Ali Farka Touré sun fi shi ƙetare iyakoki, su ma kuma ba su kai ga kowa ba.