Ƙana'a da Arzikin Ƙofar Gida

Daga cikin kyawawan halayen da malamai suka yi wasiyya da su, babu wanda aka jahilta kamar ƙana'a, domin jama'a da yawa sun ɗauka mai ita shi ne wanda ya naɗe hannu yana jiran rabo ya iske shi a kan tabarma, alhali kuwa mai ƙana'a na haƙiƙa shi ne wanda kwaɗayin abin nesa bai rufe masa ido ga barin ganin abin da Allah Ya ajiye masa kusa ba.

Garin Gombe da kansa hujja ne a kan haka. Tun da aka dawo da fadar zuriyar Modibbo Bubayero nan Gombe Doma a 1919, auduga ce ta ɗaga garin, har jirgin ƙasa ya iso a 1963, kuma fataken Kano da na Barno da mutanen Kudu suka yi ta kwararowa, saboda sun hango a cikin wannan ƙasa abin da ya isa a bar gida dominsa. Bayan an ƙirƙiri jiha a 1996, unguwanni irin su Arawa suka cika suka batse, kuma duk inda jama'a suka taru, to buƙatar magini da kafinta da tela da mai niƙa ta taru tare da su.

Duk da haka, wanda ya zauna a majalisar samari bayan la'asar zai ji ana lissafin kuɗin Legas, da hanyar Agadas zuwa Libiya, da jarin intanet mai ninkuwa dare ɗaya, alhali a daidai wannan lokaci manyan motoci suna ɗaukar masara da wake a Tudun Hatsi, masu noman rani kuma suna ban ruwa a Dadin Kowa. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.

Ba a hana tafiya neman halal ba. Kakanninmu sun kai Gwanja fataucin goro, Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu kuwa, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya isa Madina aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya zaɓi a nuna masa kasuwa. Abin zargi shi ne raina sana'ar da ke hannu don kunyar idon sani.

Wannan idon sani kuwa rahama ne ga mai nema, domin wanda yake awo a unguwar da aka haife shi ba ya iya tauye mudu, ko ya yi algus, ko ya ɓoye hatsi har ya yi tsada, ba tare da ya haɗa sahu da wanda ya cuta a masallaci ba. Idan kuma lokacin zakka ya yi, ko ɗaya cikin arba'in na kuɗi ko ushirin amfanin damina, ya san gidan marayu da na gajiyayyu ba sai an yi masa kwatance ba. Tunda an tabbatar mana cewa za a tambayi kowa inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta, mai hankali zai fifita arzikin da maƙwabtansa za su iya ba da shaidar asalinsa tun a duniya.