Wane Agogo Ne Mai Inganci?

Mai gyaran agogon da nake zama wurinsa a kasuwar Gummi, in ya buɗe bayan tsohon Seiko 5, irin wanda alhazai suka riƙa dawowa da shi daga Makka, sai ka ga ɗan gargare yana bugawa sau shida a daƙiƙa. Babu batir, motsin hannun mai shi ke ɗaure sifirinsa. Kamfanin Seiko ya fito da shi a 1963, a 1969 kuma ya fito da Astron mai batir, wanda ya fi shi daidaito nesa ba kusa ba.

Samari na cewa na batir ya fi, tunda ba ya makara. Ni dai ina ganin inganci amana ce. Maƙerin tsohon ya gina shi yadda za a kwance, a wanke, a sa mai, jika ya gada. Na arahar yau kuwa, da ya tsaya sai bola.

Amma kada mu wuce gona da iri. Azahar da gushewar rana take shiga, ko agogo ya yarda ko bai yarda ba. Za a tambaye mu yadda muka ɓatar da lokaci, kowane iri muka ɗaura.