Rufin Asiri ko Rufe Gaskiya?

'Yan'uwa, a Ikara da Makarfi da Kudan har yanzu akwai 'yan tsofaffi waɗanda suka ajiye fartanya, suka tafi barikin horar da soja na Zariya, aka kai su fagen fama a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Akwai kuma gidajen da 'ya'yansu ba su komo ba. An ce da su a riƙe Nijeriya ƙasa ɗaya, suka amsa. Amma abin da manyan ƙasashe suke ƙullawa a bayan fage, sai da aka shekara talatin kafin yawancinsa ya fito.

A lokacin, dokar Ingila ta ce a kulle takardun gwamnati shekara 30. Sa'ad da wa'adin ya cika, wajen ƙarshen shekarun 1990, masu bincike suka shiga ma'ajiyar takardu ta Kew a Landan. Gwamnatin Harold Wilson ta riƙa gaya wa majalisa cewa makaman da take sayar wa Legas ba su wuce kashi 15 cikin 100 na abin da Nijeriya take saye ba. Takardun kuwa suka nuna harsasai miliyoyi da motoci masu sulke. Suka kuma nuna abin da ya fi damun ministoci, wato rijiyoyin mai na Shell-BP, da tsoron kada Rasha, wadda ta kawo jiragen yaƙi Kano a 1967, ta ƙwace musu wuri. Faransa ta Janar de Gaulle ita ma tana maganar tausayi a fili, a ɓoye tana tura wa Biyafara makamai ta Gabon da Kwaddibuwa. Ana cikin haka yunwa tana kwashe yara a gabas.

To, bari mu tambayi kanmu: ya halatta hukuma ta ɓoye wa mutanenta gaskiya a lokacin yaƙi? Kada mu yi saurin cewa a'a. Mu Hausawa mun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kwamandan da ya bayyana hanyar da sojojinsa za su bi ya bashe su ga mutuwa. Sulhu ma sau da yawa a ɗaki ake fara shi, gama wanda zai sassauta ba ya so a ga sassaucinsa a kasuwa. Irin wannan asiri amana ne, domin rai yake tsarewa.

Amma shiru dabam, ƙarya dabam. Wanda ya ce "ba zan faɗa ba" ya bar mana hankalinmu, mun san akwai abin da ba mu sani ba. Wanda ya faɗi adadin da ba shi ba ne ya sace mana ikon yin hukunci. Da 'yan majalisar Ingila sun san ainihin lissafin, wataƙila da sun goyi baya, wataƙila da sun ƙi. Ko ta yaya, da lamirinsu ne ya yanke. Rufin asiri da iyayenmu suka koya mana mayafi ne ga mai rauni. Idan mai iko ya ja shi ya rufe kansa domin kada a tambaye shi, ya zama zalunci.

Akwai kuma zancen jinkiri. Gaskiyar da ta iso bayan shekara talatin ba ta sami uwar da ta mutu tana jiran ɗanta ba. Duk da haka ba banza ba ce, gama mai mulkin da ya san jikoki za su karanta abin da ya sa wa hannu zai yi tunani kafin ya sa. Saboda haka ya kamata mu ma mu nema. Nijeriya tana da dokar sirrin gwamnati ta 1962, amma tana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Neman a buɗe takardun yaƙinmu ba tonon tsohon miki ba ne, hakkin waɗanda suka zub da jini ne, daga kowane ɓangare.

Ma'aunin ɗaya ne ga minista da dagaci da ma'ajin ƙungiya: wa wannan asiri yake tsarewa? In mutane ne, mu riƙe shi da aminci. In kanmu ne, mu tuna rana ba ta ƙarya. Allah ya ba mu zuciyar da ba za ta ji kunya ba ranar da aka buɗe takardunmu.