Asarar motar haya, a wuyan wa take?

Duk wanda ya je karɓar motar haya a filin jirgin sama a Amurka, kafin a miƙa masa makulli sai an tambaye shi ko zai ƙara wani abu a kan kuɗin kowace rana domin kamfani ya yafe masa biyan ɓarna idan motar ta lalace. Amsar tana rataye da inshorar motarsa ta gida. A can, galibin inshorar mutum tana bin sa har cikin motar da ya haya, muddin a Amurka ko Kanada yake tuƙi, kuma iyakarta iyakar abin da ya saya tun farko. In abin da ya saya bai wuce biyan wanda ya buge ba, to jikin motar hayar ba ya ciki. In kuma cikakkiya ce, har yanzu akwai kason farko na gyara da zai fito daga aljihunsa, kuma sau da yawa ba ta biyan kuɗin da kamfani zai ce ya rasa a kwanakin da motar ta yi a gareji. Da ya tsallaka Meziko kuwa, yawanci ta daina aiki. A Najeriya lamarin daban ne, domin inshora a jikin mota take, ba ta bin mai ita zuwa motar wani.

Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan, wadda masu kamfanin haya ba sa son a ɗago: me ya sa tun asali asarar motar da ba tasa ba za ta hau kan mai haya? Fiƙihu ya daɗe da yanke wannan. Abin haya amana ne a hannun wanda ya haya, ba ya lamuninsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke biyawa a zaurukan malamai daga Kano har Damagaram, ta kawo hukuncin a sarari, har ta ƙara da cewa maganar mai haya ake karɓa sai ƙaryarsa ta bayyana. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Mai mota shi ke karɓar kuɗin haya, motar kuma ba ta fita daga mallakarsa ba, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa wanda ke cin amfanin dukiya shi ke ɗaukar asararta. Mai haya amfani kawai ya saya, ya kuma biya.

Takardar hayar zamani ta juya wannan. Mota tana ajiye a inda doka ta yarda, ƙanƙara ta sauko cikin dare ta lotsa rufinta, ko wani ya goge ta ya gudu, ko ɓarawo ya ɗauke ta alhali an kulle: duk wannan a wuyan mai haya yake bisa sharaɗin da ya sa wa hannu. Daga nan sai kamfani ya sayar masa da yafiyar nauyin da shi kamfanin ya ɗora masa. Wannan yafiya ma, a idon doka, yawanci ba a lissafa ta a matsayin inshora, alkawari ne kawai na cewa ba za a bi shi bashi ba. A ganina nan ne rashin adalcin yake, kuma inshorar mutum da ke biyo shi ta rufe ramin ba ta gyara komai ba, ta dai mayar da asarar mai kamfani kan jama'ar da ke zuba kuɗi a wata inshorar.

Za a ce idan aka sauke wa mai haya nauyi, wa zai kula da motar da ba tasa ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma Malikiyya da kansu sun san da ita, shi ya sa suka ɗora wa masu sana'a irin su tela da marini lamunin kayan da aka bar musu, don kada dukiyar mutane ta salwanta. Amma a lura da abin da suka yi. Mai sana'ar da ya kawo shaidu cewa kayan sun halaka ba da hannunsa ba, mashhurin zance a mazhaba shi ne ya kuɓuta. Wato nauyin kawo hujja aka mayar kansa saboda zargi. Babu laifi a yi wa mai hayar mota haka: ya kawo rahoton 'yan sanda, hoton motar ranar karɓa da ranar mayarwa, a tabbatar bai yi gudun wuce sa'a ba, bai ba wanda ba ya cikin takarda makulli ba. In ya gaza, ya biya, kuma a nan ne inshorarsa ta gida take da hurumi na gaskiya, tare da haƙƙin wanda ya buge a hanya.

Wasu kuma za su ce ai da yardarsa ya sa hannu, musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa. Akwai malaman da suka karkata ga haka, amma mafi yawa sun ɓata sharaɗin da ke mayar da amana lamuni. Yardar matafiyin da ya sauka daga jirgi da tsakar dare, layi a bayansa, takarda mai ƙananan rubutu a gabansa, yarda ce mai rauni. Hujjar da ta fi wayo ita ce ta masu cewa ko an mayar da nauyin kan kamfani, zai zuba shi cikin kuɗin haya ne. Haka ne, kuma haka ake so. Farashin da aka sani tun kafin a tayar da mota halal ne, bashin da ba a san ko zai zo ba balle adadinsa shi ne garari. Ƙa'idojin haya na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkokin kuɗi na Musulunci, a kan wannan suka tafi: inshorar abin haya a kan mai shi take, yana kuma iya la'akari da ita wajen yanke kuɗin haya.

Saura matsalar inshorar kanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ke Jidda ta haramta inshorar kasuwanci a 1985, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, irin wadda aka fara a Sudan a 1979 kuma hukumar inshora ta NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji a Najeriya a 2013. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa musu, ya halatta inshora. Wanda doka ta tilasta wa yin inshora, ko yake ƙasar da babu takaful, malamai da yawa sun ba shi uzuri gwargwadon buƙata. Mai haya irin wannan, kafin ya karɓi makulli, ya kira kamfanin inshorarsa ya ji iyakar abin da za su biya, in da giɓi ya rufe shi, don ba da son ransa aka ɗora masa ba. Musulmin da ke ba da hayar mota ko keke mai ƙafa uku kuwa ba shi da wannan uzuri, domin shi ke rubuta sharaɗin. Ya ɗauki asarar da ba ta sakaci ba, ya sa ta cikin farashi.